Kayan Sadaka Ba Ya Kwantai

Mamana,

  

Takardar da kika aiko na karanta ta da biro a hannu, na kuma ji daɗi da kika nuna mini ita kafin ki kai wa amintattun gidauniyar. Kin ce in duba miki lissafi, to lissafin ba shi da wani babban aibu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ra'ayin da kika gina takardar a kansa, cewa lokaci ya yi da za a riƙa tafiyar da gidauniyar marayu kamar yadda ake tafiyar da kamfani. Wannan magana ce mai son zama, ba ta waya ba ce, shi ya sa na rubuto. Kin san a rumfar kakanki a Kantin Kwari na buɗe ido, daga baya kuma abincina ya zama duba littattafan kamfanoni da na ƙungiyoyi. Na san abin da ke da kyau a kowane ɓangare, na kuma san inda kowanne yake ɓoye ɓarnarsa.

Inda nake tare da ke ya fi yadda kike zato yawa. Na farko littafi. Babu ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa da zai rufe rumfa da yamma bai san dila nawa ta shigo ba, turmi nawa ya fita, wa ya ɗauki kaya bashi. Amma na sha zama da kwamitocin taimako, mutanen kirki masu sallah a sahun gaba, waɗanda kuɗin marayu yana cikin baƙar leda a aljihun ma'aji, lissafin kuma yana cikin kansa. Ka ce a kawo rasit, sai fuska ta canza, a ce maka, "Haba Malam, aikin Allah ne fa, ko zarginmu kake yi?" Da wannan ake rufe bakin duk mai tambaya. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan bashi tsakanin baligai biyu masu wayo yana bukatar alƙalami, ina ga dukiyar yaron da bai ma san an tara masa ba? A nan kada ki sassauta ko kaɗan. Kuɗi ya shiga ta banki ya fita ta banki, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da komai, mai bincike ya zo daga waje duk shekara, a kai rahoto hukumar CAC kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa ƙungiyoyi masu rajista. Wanda zai ji haushi ya ji.

Haka maganar albashi. Mutanenmu suna son su ji an ce kowane kwabo da suka bayar ya tafi bakin maraya, ba a taɓa ko sisi ba. Da daɗin ji, amma buhun shinkafa ba ya zuwa ƙauye da ƙafarsa. Wani ya zuba mai a mota, wata ta bi gida-gida ta tantance, wani ya kwana yana rubutu. In ba a biya su a fili ba, ɗayan biyu ne: ko nagarin su gaji su tafi neman abincin iyalinsu, ko waɗanda suka rage su biya kansu a ɓoye. Addininmu ya riga kowa gane wannan. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, cikin kaso takwas da aka ware wa zakka, na uku na ma'aikatan da ke tattara ta ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya yi hubusi da gonarsa ta Khaibara, ya shardanta kada a sayar da ita, kada a kyautar, kada a gaje ta, amma ya yarje wa mai kula da ita ya ci daga amfaninta gwargwadon abin da aka saba, ban da tara dukiya.

Na kalli jawabin Ba'amurken nan Dan Pallotta da kika turo mini, wanda ya yi a dandalin TED a 2013. Akwai gaskiya a kukansa. Jama'a ba sa jin komai idan mutum ya yi arziki da sayar da abin banza, amma sai su yi caa a kan wanda aka biya da kyau don yaƙi da yunwa. Kamfaninsa ya shirya doguwar tafiyar keke da tattakin kwana uku don tara kuɗin yaƙi da ƙanjamau da sankarar mama, ya tara sama da dala miliyan 500 cikin shekara tara, sannan ya rufe a 2002 bayan jaridu sun taso shi a kan yawan abin da ake kashewa wajen shirya tarukan. Shi yana ganin an zalunce shi. Ni kuma ina ganin masu sukar ma ba a banza suka yi magana ba, domin a wasu tarukan abin da ya isa ga aikin da aka tara kuɗin dominsa bai kai rabi ba, kuma kamfanin nasa na neman riba ne. Saboda haka ki biya ma'aikatanki abin da zai riƙe su da mutunci, amma naki albashin amintattu su yanka shi ba kya cikin ɗakin, a kuma rubuta shi inda kowa zai gani. Shawarar da kika kawo ta ba masu nemo gudummawa kaso daga abin da suka nemo, wannan ban yarda da ita ba. La'ada ta dillali ce, kuma dillali a kan cinikin ya faɗa yake, ba a kan gaskiyar kayan ba. Mai cin kaso zai ƙara wa labarin maraya gishiri. Ki tuna Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar maganar a ɗaki ba, sai da ya hau mumbari a kanta.

Sai jari, kuma nan ne na fi murna da takardarki. Gidauniyar da ke jiran Alhaji ɗaya ko ƙasa ɗaya tana rayuwa ne da numfashin wani. Kin ga abin da ya faru a 2025: a watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, zuwa Yuli an rufe hukumar USAID, kuma a Borno wuraren kula da yara masu tamowa suka riƙa rufewa, ba don yaran sun warke ba. Shagunan hayar da kike son a gina da gonar da kike son a saya, wannan shi ne hubusi, a riƙe tushe a ciyar da 'ya'yansa. Ki tafiyar da su da idon ɗan kasuwa sosai. Ɗan haya ya biya haya ko ɗan'uwan shugaba ne, a ajiye na gyara, a ajiye na ko-ta-kwana wanda zai riƙe aiki wata da watanni idan gudummawa ta yanke. Sai dai littafin shagunan daban, na marayu daban, kuma hanya ɗaya kuɗi zai riƙa bi, daga shago zuwa maraya.

Yanzu ga inda hanyarmu ta rabu, kuma ina so ki karanta nan a natse.

Me ke sa ɗan kasuwa ya gyara aikinsa? Ba don ya fi kowa tsoron Allah ba ne. Mai saye ne ke horar da shi. Mace ta shigo rumfa, ta ɗaga atamfa ta duba a haske, ta murza bakinta tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya cika ta, ta taya, ka ce albarka, ta ajiye ta wuce rumfar gaba. Ba ta zage ka ba, ba ta kai ƙararka ko'ina ba, amma ta yanke maka hukunci. In goma suka yi haka kaya ya yi kwantai, kwantai kuwa ba ya ƙarya. Zai gaya maka ko zanen ne bai karɓu ba, ko kuɗin ne ya yi yawa, ko yaron shagonka ne ba shi da fara'a. Kakanki bai taɓa bukatar wani masani ya zo ya auna masa ko yana yi wa jama'a amfani ba. Abin da ya rage a kan kanta bayan sallah shi ne rahotonsa.

Kayan sadaka kuwa ba ya kwantai. Duk abin da kika kai za a karɓa, da hannu biyu, da addu'a. Ki kai abin da ake so, a ce Allah ya saka da alheri. Ki kai abin da ba a so, a ce Allah ya saka da alheri. Ki bar mutane cikin rana tun safe, ki daka musu tsawa, har yanzu dai Allah ya saka da alheri, domin wadda ke da bakuna biyar a gida ba ta da rumfar gaba da za ta wuce.

Na taɓa halartar rabon kekunan ɗinki da wata ƙungiya ta yi wa matan da mazajensu suka rasu. An kafa rumfa, an jera kekunan sababbi fil cikin leda, an rataya babban ƙyalle mai hoton wanda ya ba da kuɗin. Matan sun zauna tun hantsi, manyan baƙi ba su iso ba sai bayan azahar. Wata dattijuwa aka kira, ta taso tana laluben hanya saboda idonta ya yi rauni. Aka ɗora hannunta a kan keken, aka ce ta yi murmushi, aka ɗauki hoto, sannan aka ce a sake domin ƙyallen bai fito ba. Ta sake murmushin. Da na fito, a bakin ƙofa ga 'yan kasuwa tsaye da kuɗi a hannu, ga a-daidaita-sahu suna jira. A gabana ta sayar da nata bai kai rabin kuɗinsa ba, ta ƙulle kuɗin a bakin zani. Na gaishe ta na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗan nan, ni ko zare ba na gani in zura. Ƙosai nake soyawa tun maigidan yana da rai. Kaskona ne ya fashe, ga kuɗin haya." Babu wanda ya tambaye ta kafin a yi odar kekunan. Daga baya littafin ƙungiyar ya zo hannuna. Rasit ya cika, farashi daidai, sa hannu daidai, babu wanda ya ci ko kwabo. Rahoton shekara kuma ya lissafa ta cikin matan da suka dogara da kansu ta hanyar ɗinki.

Kin ga littafi mai tsabta bai isa ba. Kuma abin da nake tsoro ya wuce nan. Kamfani yana bin wanda kuɗi ke fitowa daga aljihunsa, wannan ne ƙarfinsa. A kasuwa mai biya shi ne mai amfani da kayan, don haka faranta masa da yi masa amfani abu ɗaya ne. A gidauniya mai biya daban, mai karɓa daban. Ranar da kika ce wa ma'aikatanki su yi tunani irin na kamfani, ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba za su gano wane ne mai sayensu, kuma ba maraya ba ne. Mai bayarwa ne. Daga nan sai a fara zaɓen aikin da ke kyau a hoto, a zaɓi ranar rabo don dacewa da lokacin babban baƙo, a nemi yaron da ya fi ban tausayi a sa a Facebook. Yaron nan zai girma, Mamana, abokansa za su ga hoton. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ban ga gorin da ya kai a ajiye fuskar mutum a ranar da ya fi ƙasƙanci inda ba ta gogewa ba.

Ba mu kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. An taɓa ƙirƙiro wani famfo a Afirka ta Kudu mai suna PlayPump, lilo ne mai juyawa, yara na wasa ruwa na hawa tanki, a jikin tankin kuma a manna tallan kamfanoni don a sami kuɗin gyara. Masu bayarwa suka yi ta sha'awa. A 2006 Laura Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, ta sanar da tallafin sama da dala miliyan 16 don yaɗa shi. A lokacin kowanne yana cin kusan dala 14,000, ya ninka tuƙa-tuƙa sau da yawa. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire musu tuƙa-tuƙan da suke amfani da shi aka kafa wannan ba a shawarce su ba. Yara suka gaji da wasa, ya zama mata ne, har da tsofaffi, ke tura lilo da hannu don su sami ruwan girki, in ya lalace kuma a yi watanni ba mai gyara. A 2009 jaridar Guardian ta Ingila ta lissafa cewa sai yara sun yi wasa awa 27 a rana kafin a cika alƙawarin ruwan da aka yi. Ta fuskar talla da tara kuɗi, abin ya ci kasuwa.

Kin kuma kawo shawarar a riƙa karɓar ɗan wani abu daga iyayen marayu a kan magani da kayan makaranta, domin a cewarki abin da aka samu kyauta ba a ganin darajarsa. Na san maganar, ana yawan faɗinta, kuma masu faɗinta galibi ba su taɓa rasa kuɗin mota zuwa asibiti ba. An gwada ta. A 2007 wasu masana biyu, Jessica Cohen da Pascaline Dupas, sun bi asibitocin awon ciki 20 a yammacin Kenya, wasu aka ba da gidan sauro kyauta, wasu aka sa masa ɗan farashi. Da kuɗin ya kai sulai 40 na Kenya, wajen santi 60 na dala, wanda bai fi kashi ɗaya cikin goma na ainihin kuɗinsa ba, kusan mata 60 cikin kowane 100 sun haƙura. Da aka bi su gida kuma, waɗanda suka biya ba su fi waɗanda aka ba kyauta rataya shi ba. Haka Michael Kremer da Edward Miguel suka gani a makarantun Busia a kan maganin tsutsar ciki: yana kyauta yara 75 cikin 100 ke sha, da aka sa ɗan kuɗi suka koma ƙasa da 20. A shekarar 2007 ɗin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa raba gidan sauro kyauta ko kusa da kyauta. Farashi ba ya tace wanda ya fi bukata, wanda ya fi kuɗi yake tacewa. Sayyidina Usman ɗan kasuwa ne na gaske, ya san riba ciki da waje. Da ya sayi rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita ke sayar da ruwanta, bai rage farashi don mutane su san darajar ruwa ba. Cire farashin ya yi gaba ɗaya.

Batun ba iyayen marayu rance ba zan tsawaita ba, domin kin riga kin ce babu kuɗin ruwa a ciki. Ki dai san tarihin hanyar. Muhammad Yunus ya fara ne a 1976 a ƙauyen Jobra na Bangaladash da dala 27 da ya ranta wa mutum 42, har abin ya zama bankin Grameen, ya sami kyautar Nobel a 2006. Masu koyi da shi suka ce a shigo da masu zuba jari don abin ya bunƙasa. Compartamos ta Meziko, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar taimako, ta shiga kasuwar hannun jari a 2007 tana karɓar kuɗin ruwa sama da 80 cikin 100 a shekara daga mata matalauta, Yunus da kansa ya fito ya soki abin. SKS ta Indiya ta bi sahu a 2010, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta kafa dokar gaggawa bayan rahotannin masu bashi da ke kashe kansu saboda matsin masu karɓa. Da zarar an sami wanda ke jiran rabonsa daga aljihun talaka, shi za a riƙa yi wa aiki.

Akwai wurin da nake so ki nazarta da kyau, domin shi ne hujja mafi ƙarfi a ɓangarenki, kuma ina ganin in kin duba shi sosai zai nuna miki iyakar maganar. Asibitin ido na Aravind ne, a garin Madurai na kudancin Indiya. Wani likita, Govindappa Venkataswamy, ya buɗe shi a 1976 da gado 11 bayan ya yi ritaya, mutumin da ciwon gaɓoɓi ya karkatar masa da yatsu amma ya koyi fiɗar ido da su a haka. Bai ɓoye ba cewa daga McDonald's ya ɗauki darasi: yadda ake yin abu ɗaya sau dubbai, da sauri, da inganci iri ɗaya. A ɗakin fiɗarsu likita yana zaune tsakanin gadaje biyu, yana gama cire yanar idon wannan ya juya ga wancan, ma'aikatan jinya sun riga sun shirya shi. Da haka likitansu ɗaya yake yin aikin da ya ninka na takwarorinsa sau da yawa. Da suka ga ɗan gilashin da ake dasawa a ido yana zuwa daga waje da tsada, sai suka kafa masana'antarsu, Aurolab, a 1992, farashin ya faɗo daga wajen dala 100 zuwa 'yan daloli. Masu hali suna biya, kuɗinsu yana ɗaukar nauyin marasa hali, waɗanda suka kai kusan rabin masu fiɗar.

Duk wannan dabarar kasuwa ce, kuma ina jinjina mata. Amma ki lura da abin da ba su ɗauko ba. Babu mai hannun jari da ke jiran rabo, rarar tana komawa cikin aikin. Majinyaci ne ke zaɓar ko zai biya, ba a titsiye shi ya tabbatar da talaucinsa. Likitocin da ke yi wa mai kuɗi su ne ke yi wa mai kyauta, bambancin yana ɗakin kwana ne, ba a ido ba. Sannan su ne ke shiga ƙauyuka neman makafin da ba su da ko sisi, su ɗauko su a mota, su ciyar da su, su mayar da su gida. Wane kamfani ne zai kashe kuɗi yana farautar wanda ba zai biya shi ba?

Wannan ya kawo ni shafin da ya fi damuna a takardarki, inda kika raba abin da ake kashewa da yawan yara, kika nuna cewa masu sikila da masu lalurar gaɓoɓi suna cin abin da zai biya wa yara da yawa kuɗin makaranta, kika ce a duba yiwuwar janye hannu daga gare su. Ban ɗauke ki mara tausayi ba, na san 'yar da na haifa. Lissafin gaskiya ne, kuɗi ba ya isa, kuma ƙin yin lissafi ma zalunci ne ga yaran da ba a kai gare su ba. Ina girmama masu aunawa. GiveWell, wadda wasu matasa biyu da suka baro harkar zuba jari suka kafa a Amurka a 2007, ba ta yarda da labari mai daɗi sai an nuna mata sakamako. Ƙungiyar New Incentives da ke ba iyaye mata ɗan kuɗi idan sun kai jarirai rigakafi, sai da aka gwada aikinta a Katsina da Zamfara da Jigawa, aka kwatanta inda ake bayarwa da inda ba a bayarwa, aka ga yaran da ake yi wa allurar sun ƙaru, sannan GiveWell ta sa ta cikin zaɓaɓɓunta a 2020. Irin wannan awo ki riƙe shi. Ki auna da shi wace hanya ce ta fi kai ki ga yaro, wane aiki ne za ki buɗe gobe, wanne ne ba ya haifar da komai a rufe shi.

Amma yaran nan da sunansu ya riga ya shiga littafinku, waɗanda iyayensu suka daina bin gidajen mutane saboda an ce musu an ɗauki nauyi, su ba reshen kamfani ba ne da za a rufe don ba ya kawo riba. Amana ce aka karɓa. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin ya rabu da cinikin da ke ja masa asara, babu mai zarginsa. Ku kuwa dalilin kafa ku shi ne mutanen da kowane mai lissafin riba ya riga ya tsallake. In kuka bi ma'auninsa, sannu a hankali za ku tsinci kanku kuna taimakon maraya mai lafiya, mai ƙoƙari a aji, wanda gidansu ke bakin titi, lambobinku su yi kyau, yarinyar da ke kwana tana kukan ciwon ƙashi kuma ta koma inda kuka same ta. Idan har ya zama dole ku taƙaita, to kada a sallami ko ɗaya sai an sami wanda zai karɓe shi, hannu da hannu, da sunansa, ke da kanki kin je kin gani.

Abin da nake roƙonki ki ƙara a takardar shi ne hanyar da mai karɓa zai iya ce muku bai gamsu ba, ba tare da tsoron a cire sunansa ba, tunda kasuwa ba za ta yi muku wannan aikin ba. Kafin a sayi komai a tambayi uwar yaran me take yi da hannunta, me ya tsaya mata. Inda babu wani dalili mai ƙarfi, a ba ta kuɗin ta saya da kanta, ta fi ku sanin kaskonta. Bayan wata uku a tura mace, wadda ba ta cikin masu rabo, ba kyamara, ba motar ofis, ta zauna a tabarma ta tambaya: me aka sayar daga abin da aka bayar, nawa, me aka yi da kuɗin, wa ya yi muku tsawa, wa ya nemi a ba shi wani abu kafin ya rubuta suna. Kada a hukunta wadda ta ce ta sayar, ita ce ta gaya muku gaskiya. A karanta amsoshin a zaman amintattu kafin a karanta rahoton kuɗi. Ki kuma nemi a ba biyu daga cikin iyayen marayun kujera a kwamitin da ke yanke abin da za a saya, kujera mai ƙuri'a, a biya musu kuɗin mota. Wasu daga cikin manyan za su ce ba a saba ba. Ki yi musu magana da ladabi, ki bi su ɗaya-ɗaya a gida kafin ranar zama, kada ki ba su mamaki a gaban jama'a.

In kin gyara, ki turo mini in sake dubawa, musamman lissafin shagunan, domin ina ganin kin rage kuɗin gyara da na watannin da shago zai zauna babu ɗan haya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ta kuma ba direba yaji da kuka ya kawo miki. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Allah ya yi miki albarka, ya dafa miki.

Naki,
Baba